Sabon Murhu a Ranar Arba'in ɗin Ragib

Mijina Ragib ya rasu a farkon Disamba. Ya bar mini gida, da tumaki biyar da rago ɗaya, da tarin itacen da ba a faskara ba, da kuma ƙanensa Nusret. A cikinsu duka Nusret ne ya fi wuyar riƙo.

Abu ɗaya na sa a raina: addu'ar arba'in ɗin Ragib a babban ɗakinmu za a yi ta, inda ya shekara talatin da takwas yana zama bakin taga da gahawarsa. Ina cikin takaba, ba na fita. In aka kai ta masallaci, sai dai a zo a ba ni labari. Liman Zijad bai ƙi ba, amma ya gindaya mini sharaɗi.

"Munevera, tsofaffi za su zo, har da Nana Dzemila mai shekara casa'in. In ɗakin nan babu ɗumi ba zan zaunar da su ba, zauren masallaci za mu koma."

Tsohon murhunmu ya tsage a gefe, ni kuma bayana ba ya barina in ɗaga gatari. Da 'yata Amela ta ji haka daga can Munich, sai ta buga waya wani shago a Travnik ta sa a kawo mini murhun pelet, irin wanda ake zuba wa 'yan ƙwayoyin garin katako a cikinsa yana ci da kansa. Ranar Litinin mota ta kawo shi da buhunansa. Motar ce dai ta haɗo da buhunan abincin tumakin da Ragib ya saba saye a shagon, aka jera su duka a rumfa. Direban ya ce mai haɗa murhun sai nan da kwana goma, don kowa haɗawa yake yi. Addu'a kuwa ranar Asabar.

Nusret na tsaye a wurin. Shekara ashirin da biyu ya yi a Austria, ya dawo da hula mai gashin tsuntsu a gefe. Shi dai cewa yake injiniya ne a wata masana'anta, amma matarsa Remzija ta taɓa raɗa mini cewa shara yake yi. Yana da tabarau, sai dai ba ya sawa a gaban mutane, wai wani likita a can ya ce idonsa na shaho ne.

"Kwana goma?" in ji shi. "Matar yaya, ina raye? Irin wannan murhun na haɗa ɗari a Graz. Wasu ma da hannu ɗaya, ina cin burodi da ɗayan."

Maƙwabciyata Fikreta ta shigo taya ni wankin labule. Ajinsu ɗaya da Nusret tun suna yara, kuma tun lokacin ba ta raga masa ba.

"To tsintsiyar fa," ta ce, "da wane hannu kake riƙe ta?"

"Ke dai ki ci gaba da wanki. Wannan maganar maza ce."

Na ce masa, "Nusret, ga littafin bayaninsa nan, ka duba."

"Littafi na waɗanda ba su sani ba ne." Ya naɗe shi biyu ya cusa ƙarƙashin ƙafar murhun, don wai ƙasan ɗakina a karkace yake.

Ya fara da fitar da tsohon murhu. Bai share bututu ba, ya kama shi ya fizga. Baƙin hayaƙin shekara da shekaru ya zubo masa a ka, ya bi labulen da muka gama shanyawa a ɗakin, ya sauka har cikin kwanon sukari. Ba abin da ake gani a fuskarsa sai ido da haƙora. Duk da haka ya ja murhun zuwa ƙofa shi kaɗai, ya hana kowa taɓawa. A bakin matakala ƙanƙara ta ɗauke masa ƙafa, murhu ya sulale ƙasa ya daki dutsen bakin rijiya, ya rabe biyu kamar kabewa.

"Dama ya gama aiki," in ji Nusret, yana zaune a ƙasa.

Ni kuwa sai na ga babu sauran komawa baya.

Ranar Talata aka zo huda bango don bututun sabon murhu. Ya aro injin huji, ya auna cikin ɗaki da tafin hannunsa, ya fita waje ya sake aunawa, amma a hanya ya tsaya gaisawa da mutane biyu, lissafi ya zube. Ya hau tsani ya kama hudawa daga waje. Muna kicin muka ji ƙarar kwalba. Bakin injin ya fito ne ta cikin kabad, ya ratsa kwalabe uku na ajvar, miyar jan barkonon da na dafa a lokacin kaka. Jan barkono ya biyo ƙofar kabad yana ɗiga.

Fikreta ta yi waje da gudu tana ihu. "Jama'a, ya kashe wani! Nusret ya kashe wani a bango!"

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika tsakar gida. Tsoho Hajro makiyayi, wanda kunnensa ɗaya ne ke aiki, ya dangwali jan da yatsa ya lasa, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Huji na biyu ya faɗa kan wayar lantarki. Muka ji tau! Wutar gidan ta ɗauke, Nusret ya faɗo daga tsani cikin tarin dusar ƙanƙara, sai takalmansa kawai ake hange. Da aka zaro shi, gashin kansa duk ya miƙe.

"Gwaji ne," ya ce. "A Austria ba a huda bango sai an tabbatar akwai wuta a ciki."

"To akwai?" in ji Fikreta.

"Akwai."

Sai a na uku aka dace. Huji biyun farko ya toshe su da safar ulu ta Ragib, ɗaya a kowanne. Da ya gama jona bututu, sai na ga wasu zobban roba da kusoshi sun rage a leda. Ya ce ai 'yan Italiyan da suka ƙera murhun haka suke, sai sun sa ƙari. Inda bututun ya haɗu kuwa, ya shiga kicin ya ɗebo ƙullun fulawar da na kwaɓa don gasa pita ya shafe shi tas.

"Haka kakarmu ke liƙe murfin tukunya," in ji shi, "kuma ba a taɓa jin tukunyarta ta yi yoyo ba."

Ranar Laraba, bayan an gyara wuta, aka zo kunnawa. Akwai wata 'yar ƙaramar jakar pelet ta gwaji da aka sako a cikin murhun, ita ya juye. Ya danna maɓalli, wani ɗan gilashi a saman murhun ya yi haske ya fara rubutu. Fikreta ta leƙa ta ce wannan Italiyanci ne, ta gani a jikin injin wankinta. Nusret ya ce Jamusanci ne na mutanen kan dutse, shi ya sa ba kowa ke ganewa ba.

"To me ya ce?"

"Cewa ya yi an haɗa shi da kyau."

Murhun ya yi ƙara tit, tit, ya yi shiru. Nusret ya yi masa magana da Jamusanci, shiru. Ya daka masa tsawa, shiru. Ya durƙusa ya manna hanci a gilashin ƙofar yana leƙe, sai wuta ta tashi fuu! Ya yi baya ya zauna cikin kwandon dankali. Amma fa ta kama. Ƙwayoyin suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan kaskon wuta, fanka ta fara hura iska mai ɗumi, kafin rabin sa'a na cire mayafin kafaɗata. Gaskiya ranar na gode masa.

Fikreta ta ɗora tukunyar gahawa a saman murhun ta zauna jira. Aka daɗe. Ta tsoma yatsa a ruwan.

"Murhun da ba ya dafa gahawa, wannan murhu ne ko talabijin?"

"Murhun zamani ba ya girki, malama. Aikin ofis yake yi."

Daga nan fa gari ya shiga uku. Nusret ya bi shago, ya bi masallaci, ya bi wurin jiran bas. Ya ce ranar Asabar kar kowa ya wahal da kansa da rigar sanyi, da 'yar shara ma za a iya zuwa. Ya ce wa Liman in an gama wannan zai haɗa wa masallaci guda biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata. Ya ce kamfanin da kansu za su so su ga yadda ya yi.

Tun Litinin ɗin kuma ya karɓe kiwon tumakin daga hannun Hajro, wanda ke taimaka mini tun rasuwar. Ya ce dabbobin yayansa ne, shi ya kamata ya kula da su. Ciyawa kaɗan yake ba su, wai a Austria ba a cika wa dabba ciki da ciyawa, abincin buhu ake ba ta. Ranar Alhamis sai ga shi ya shigo, hula a hannu, fuska a yamutse.

"Matar yaya, zauna in faɗa miki. Tumakin nan sun daina cin abinci. Na cika musu kwami, su shinshina su juya baya. Ragon ma kallona kawai yake yi. Makokin yaya suke yi."

Wallahi sai da na yi kuka. Na buga wa Amela waya na faɗa mata, ita ma ta yi kuka. Fikreta ce kaɗai ba ta yi ba.

"Kwana talatin da biyar suna ci kamar fara," ta ce, "sai yanzu labarin ya iske su?"

"Dabba ba ta da saurin fahimta," in ji Nusret. "Kamar wasu mutane."

Asabar ta zo da sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Mun kwana biyu muna girki, ga pita, ga sarma, wato naɗin ganyen kabeji da nama, ga alewar halva a manyan faranti. Tun kafin azahar Nusret ya ɗauko buhu biyu daga rumfa ya juye a cikin murhun har baki, a kan ragowar na gwaji. Bayan salla mutane suka fara shigowa, takalma suka cika ƙofa. Ɗaki da ɗumi kamar watan Yuni. Waɗanda suka zo da rigunan sanyi suka cire aka tara su a ɗakin kwana. Aka zaunar da Nana Dzemila kusa da ni. Liman ya dube ni ya gyaɗa kai.

Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, Nusret kuwa a kan kujera dab da murhu, rimot a hannu, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa murhun da haɓa.

Liman ya fara karatu. Ya kai tsakiya ke nan sai wani wari ya fara zagayawa, kamar halva ta ƙone, kamar kuma an cinna wa jiƙaƙƙiyar ciyawa wuta. Mata suka dubi Fikreta, Fikreta ta leƙa kicin ta dawo ta girgiza kai. Hajro, wanda a ganinsa raɗa yake yi, ya ce da ƙarfi:

"Wa ke soya dusa a gidan mutuwa?"

Wutar cikin gilashi ta koma ja, sannan ta koma baƙa. Wani abu mai danƙo ya fara tafasa a kaskon. Ƙarfen da ke turo ƙwayoyin ya kama gurnani kamar kare ya ga baƙo. Sai tit, tit, tit, ba tsayawa.

Nusret ya yi murmushi ga jama'a, ya danna rimot. Fanka ta ƙara ƙarfi. Ya sake dannawa, ta koma kamar jirgi zai tashi. Liman ya ɗaga murya, murhu ya ɗaga tasa. Remzija ta rufe fuska da mayafi. Ƙullun da aka liƙe bututu da shi dama ya gasu tun Laraba, ya bushe ƙamas. Sai muka ji fas! Wani ɓawon burodi ya tashi ya daki hular Liman, hayaƙi ya turnuƙo ta mahaɗar bututu, rawaya, mai kauri.

Liman ya kai ƙarshen aya, ya rufe Alƙur'ani ya ɗora a saman kabad, sannan ya fara tari.

"Kowa ya zauna!" in ji Nusret. "Wanke kansa yake yi! Haka suke yi duk bayan kwana uku!"

Wani ya zare wayar daga bango. Aka buɗe tagogi, aka wangale ƙofa, sanyi ya shigo kamar dama a bakin ƙofa yake jira. Nusret ya ce matsalar ƙarama ce, buhunan nan biyu ne suka sha raɓa, bari ya ɗauko busasshe. Ya fita da safa a ƙafa, don bai ga takalmansa a cikin tarin ba.

Rumfar buhuna da garken tumaki ƙofa ɗaya ce ta raba su, kuma a cikin sauri bai mayar da sakata ba. Ya saɓo buhu a kafaɗa, ƙusa ta tsage gindinsa, ƙwayoyi suka riƙa zuba a bayansa. Ta taga na hango shi ya taho da taƙama. Sai ya waiga. Sai ya fara sauri. Sai ya zura a guje.

"Ku rufe ƙofa! Ku rufe ƙofa!"

Ina, an makara. Nusret ya faɗo ɗaki da buhu, rago a bayansa, tumaki biyar a bayan rago. A tsakiyar darduma ragon ya same shi a daidai inda ake zama. Buhu ya fashe, Nusret ya kife a kai, tumakin da suke makoki suka hau bayansa suna ci ta ko'ina, har cikin aljihunsa. Ɗaya ta kama gashin tsuntsun hularsa ta tauna.

Hajro ya sunkuya ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Ya shinshina, ya jefa a baki, ya tauna.

"Dusa," ya ce. "Da ciyawa. Da baƙin ruwan sukari. Kai Nusret, wannan ka zuba wa murhu?"

"Katako ne!" in ji Nusret daga ƙarƙashin tunkiya. "Katakon Italiya! Haka yake da zaƙi!"

Fikreta ta janyo fasasshen buhun ta ɗaga shi sama, ta juya shi hagu da dama don kowa ya gani. Ga hoton tunkiya nan a jiki, ƙatuwa, fara, tana murmushi.

"Idon shaho," ta ce, "wannan mece ce?"

"Ai na gan ta! Tunkiya alamar ɗumi ce. Ulu! Kowa ya san ulu ɗumi ne!"

"To su kuma me ka ba su kwana biyar?"

"Nasu mana. Mai hoton koren itace. Kore ai na dabba ne."

Sai Remzija ta fara dariya, ta cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Daga nan ba wanda ya iya riƙewa. Hajro ya dafe bango. Liman ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Ni ban yi dariya ba. Ina kallon tururin da ke fita daga bakin mutane, ina kallon hannun Nana Dzemila yana karkarwa a kan tasbaha. Na san abin da ke tafe. Liman ya juyo, ya goge ido, ya zo kusa da ni.

"Munevera, kin gani da idonki. Bari mu ƙarasa a masallaci."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, addu'a kaɗai ta rage. A nan Ragib ya zauna, a nan aka ɗauke shi. Ku ƙarasa mini a nan."

"Sanyin nan zai kwantar da tsofaffi."

Ya ɗaga hannu ya ce samari su kora dabbobin waje, kowa ya nemi takalmansa. Wani ya kama tunkiyar da ta ƙoshi ta kwanta a gaban Nana Dzemila. Sai Nana ta make masa hannu da sandarta.

"Kar ka taɓa wannan. Ƙafafuna na ƙarƙashinta."

Muka duba, haka ne kuwa. Ta cusa ƙafafunta biyu cikin ulun.

"A gidan ubana," ta ce, "tumaki ne a ƙasa, mu a sama, kuma ba wanda sanyi ya taɓa kashewa. Hayaƙi ya fita, ku rufe tagogin nan. Ku miƙa wa su Hajro biyu. Zijad, ni na yanke maka cibiya, zauna ka yi addu'a."

Liman ya dube ta, ya dube ni, ya dubi tunkiyar. Ya zauna.

Aka rufe tagogi, aka fito da rigunan sanyi da barguna, aka raba tumaki: uku wajen mata, biyu wajen maza. Mutane suka matso jikin juna. Ba zan ce ɗakin ya yi zafi ba, kuma ba zan ce ya yi ƙamshi ba, amma ba wanda ya tashi. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ka, ya ambaci sunan Ragib da na ubansa, ya daɗe yana roƙa masa. Ina zaune a wurina, cikin ɗakina, na ji kowace kalma. Na shafa, na ce amin tare da kowa.

Da aka fara miƙa halva, Nusret ya tashi daga lungun da ya raɓe, ya ɗaura mayafin tebur a ƙugu inda wandonsa ya yage. Ya dubi tsofaffin da ƙafafunsu ke cikin ulu, ya gyara murya.

"To, jama'a, kun dai gani da idonku. Wa ya ce tunkiya alamar ɗumi ce?"

Ragon, wanda ba a ba kowa ba, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ja da baya taku uku, ya sunkuyar da kai.

"Fikreta," na ce, "ɗauke farantin nan daga hanya."